Tarihin Lorenzo Giberti, Maƙerin Ƙofofin Firdausi (1378–1455)

A tsakiyar birnin Fulorens na ƙasar Italiya, daura da babbar majami'ar garin, akwai wani tsohon gini mai kusurwa takwas wanda aka lulluɓe da farin dutse da kore. Sunansa Ɗakin Baftisma na Yohanna. An keɓe shi domin aikin Ubangiji a shekarar 1059, kuma shekaru aru-aru a cikinsa ake yi wa 'ya'yan birnin baftisma. A zamanin da, firist yakan jefa baƙin wake a cikin tulu in an kawo ɗa namiji, farin wake in mace ce, a ƙarshen shekara a ƙirga a san yawan haihuwar da aka yi. Ginin yana da ƙofofi uku na tagulla. Biyu daga cikinsu aikin mutum ɗaya ne, Lorenzo Giberti, wanda Italiyawa ke rubuta sunansa Ghiberti. Ya kama aikin yana saurayi, ya gama yana tsoho mai sanƙo, bayan shekara 50.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Lorenzo wajen shekarar 1378. Mahaifiyarsa, Fiyore, matar wani mutum ce mai suna Ciyone Giberti, amma ta bar gidansa ta koma zama da wani maƙerin zinariya, Bartolo di Mikele. Ba su yi aure ba sai bayan rasuwar Ciyone a 1406. A gidan Bartolo yaron ya tashi, kuma yawancin rayuwarsa da sunan Bartolo ake kiransa. Wannan ruɗani game da ubansa ya bi shi har tsufansa, kamar yadda za mu gani a gaba.

A maƙerar Bartolo ya koyi narka ƙarfe, da zubi, da goge ƙananan siffofi da magagari, da zane. A Fulorens ta wancan lokaci shagon maƙerin zinariya shi ne makarantar da manyan gwanaye da yawa suka fito daga ciki. A shekarar 1400 annoba ta auka wa birnin, Lorenzo ya bi wani mai zane zuwa garin Pesaro, inda suka yi wa sarkin garin ado a bangon fadarsa. Yana can sai saƙo ya iske shi daga gida cewa an sa gasa, ya dawo.

Gasar 1401

Masu kula da Ɗakin Baftisma su ne ƙungiyar Kalimala, wato attajiran da ke sayo ulu daga ƙasashen waje, su rina shi, su gyara, su sayar. Tun tsakanin 1330 da 1336 wani gwani mai suna Andereya Pisano ya yi musu ƙofa ɗaya ta tagulla, mai ɗauke da labarin Yohanna Mai Baftisma. Daga nan aiki ya tsaya, ga kuma babbar annobar 1348 wadda ta kashe wajen rabin mutanen birnin. Sai a 1401 suka ƙudura yin ƙofa ta biyu, ko da yake a lokacin sarkin Milan yana barazanar cinye Fulorens da yaƙi.

Aka zaɓi gwanaye bakwai. Aka ba kowannensu tagulla da wa'adin shekara guda, aka ce ya zubo allo ɗaya mai nuna labarin da ke cikin Farawa sura 22, lokacin da Allah ya gwada Ibrahim ya ce ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya. Alƙalai 34 ne suka duba aikin. A ƙarshe gasar ta rage tsakanin samari biyu, Lorenzo mai shekara 23, da Filippo Burunelleski wanda ya girme shi da shekara ɗaya.

Allunan nan biyu suna nan har yau a gidan tarihi na Barjello a Fulorens, ana iya kwatanta su. A na Burunelleski, Ibrahim ya shaƙe wuyan yaron, wuƙa ta riga ta taɓa fata, mala'ika ya faɗo ya cafke hannunsa. Duk wanda ya duba sai gabansa ya faɗi. A na Lorenzo kuwa, Ibrahim ya ɗaga wuƙa ya tsaya, yana duban ɗansa. Ishaku yana durƙushe a kan bagade, mala'ika yana isowa, rago yana kwance a kan dutse, barori biyu da jaki suna gefe ba su san abin da ke faruwa ba. Burunelleski ya nuna lokacin da ceto ya zo. Lorenzo ya nuna ɗan lokacin da ke gabansa, sa'ad da uba ya riga ya yi biyayya a zuciyarsa amma bai san za a tsai da shi ba.

Akwai kuma maganar kuɗi, domin masu ba da aikin 'yan kasuwa ne. Burunelleski ya zuba siffofinsa ɗaya-ɗaya ya liƙa su a kan allo mai kauri. Lorenzo ya zuba kusan dukan nasa a zubi ɗaya, bayansa da rami, har ya fi na abokin takararsa rashin nauyi da wajen kilo 7. In aka lissafa wannan a kan alluna 28, tagullar da za a rage ba kaɗan ba ce.

Lorenzo ya rubuta daga baya cewa dukan alƙalai shi suka zaɓa. Marubucin tarihin Burunelleski kuwa ya ce kunnen doki aka yi, aka nemi su haɗa hannu, Burunelleski ya ƙi. Abin da takardu suka tabbatar shi ne, a watan Nuwamba na 1403 Lorenzo aka ba kwangilar. Burunelleski ya juya ga gine-gine, ya zama babban maginin zamaninsa.

Yadda ake zubin tagulla

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin wahalar aikin. Da farko gwani zai siffanta hoton da kakin zuma, da kowace fuska da kowane ninkin riga. Sai a shafe kakin da yumɓu, rufi a kan rufi, a bar ƙananan hanyoyi. A gasa shi a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. Sa'an nan a narka tagulla a zuba cikin gurbin. In ya huce a fasa yumɓun. Idan iska ta maƙale a ciki, ko ƙarfen ya daskare kafin ya kai ko'ina, aikin watanni ya lalace, kakin kuma ya riga ya tafi. Da irin wannan dabara ce maƙeran Ife da Benin suka zuba sanannun kawunansu na tagulla.

Abin da ke fitowa daga yumɓu baƙi ne mai kaushi. Sauran aikin na hannu ne: kankarewa, gogewa, fito da gashi da idanu da yatsu da ƙananan kurafu. Wannan shi ke cin shekaru. A ƙarshe a kwaɓa garin zinariya da zaiba, a shafa, a gasa har zaibar ta tashi ta bar zinariya manne da tagulla. Hayaƙin zaiba dafi ne, yana lalata lafiyar masu aikin.

Ƙofa ta farko, 1403 zuwa 1424

Bayan gasar, shugabannin Kalimala suka sake shawara, suka ce ƙofar ta ɗauki labarin Sabon Alkawari. Suka kuma ce ta bi tsarin ta Pisano: alluna 28, kowane hoto a cikin da'ira mai kunnuwa huɗu. Ashirin suna ba da labarin Yesu Almasihu, ana karanta su daga ƙasa zuwa sama, tun daga zuwan mala'ika Jibra'ilu wurin Maryamu, da haihuwa, da baftisma a Kogin Urdun, da tashin Li'azaru, da gicciye, da tashi daga matattu, har zuwa ranar Fentikos. Takwas na ƙasa suna nuna Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, da manyan malaman ikkilisiya huɗu na zamanin da.

Kwangilar ta ce ya riƙa gama alluna uku kowace shekara. Bai iya ba. A 1407 aka sake rubuta ta da sharuɗɗa masu tsanani: zai yi aiki a maƙerar kowace rana kamar ɗan ƙodago, ba zai karɓi wani aiki ba sai da izini, kuma sassa masu wuya kamar fuskoki da gashi da hannunsa zai yi su. Albashinsa fulorin 200 a shekara. Fulorin kuɗin zinariya ne na birnin, mai ɗauke da hoton Yohanna Mai Baftisma a gefe ɗaya.

Maƙerarsa ta zama makaranta. Donatello, wanda daga baya ya zama shugaban masu sassaƙa na Italiya, ya yi aiki a can yana yaro. Haka ma mai zane Pawolo Uccello da magini Mikelozzo. A cikin waɗannan shekaru Lorenzo ya auri Marsiliya, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Tommaso da Bittoriyo, dukansu suka shiga sana'ar ubansu. An kafa ƙofar a 1424, shekara 21 bayan sa hannu a kwangila. A cikin ƙananan kawunan da suka yi mata ado, ya sa nasa, da rawani a ka.

Sauran ayyukansa

Da ya sami izini, ya yi wasu manyan ayyuka a tsakani. Akwai wata majami'a a birnin mai suna Orsanmikele, inda kowace ƙungiyar sana'a take da gurbi a bango domin siffar waliyyinta. Tsakanin 1412 da 1416 ya zuba wa Kalimala siffar Yohanna Mai Baftisma da tagulla, tsayinta ya fi mita biyu da rabi. An daɗe ƙwarai ba a ga wanda ya yi ƙarfin halin zuba siffa mai girma haka ba. Ƙungiyar masu canjin kuɗi ta ce ita ma sai ya yi mata Matiyu. Zubin farko a 1421 ya sami aibi, ya sake shi da kuɗin aljihunsa. Ya yi wa masu sana'ar ulu siffar Istifanus, ya yi alluna biyu domin kwamin baftisma na birnin Siyena, ya zana tagogin gilashi masu launi na babbar majami'a, ya kuma ƙera wa Paparoma biyu hulunan zinariya waɗanda yanzu babu su.

A 1420 aka naɗa shi tare da Burunelleski su lura da ginin babbar ƙubbar majami'ar Fulorens. Tsohuwar gaba ta tashi. Magoya bayan Burunelleski sun ba da labari cewa ya yi ƙaryar ciwo ya kwanta a gida, domin kowa ya ga Lorenzo ba zai iya ja da aikin shi kaɗai ba. Ko da gaske ne ko ƙari, ƙubbar da aka gama a 1436 aikin Burunelleski ce, sannu a hankali hannun Lorenzo ya fita daga ciki. Gwanin tagulla bai zama gwanin gini ba.

Ƙofa ta biyu, 1425 zuwa 1452

Ƙofar farko ta gamshi Kalimala har a farkon 1425 suka ba shi ta ƙarshe ba tare da gasa ba. Yana da shekara 47, ga suna, ga dukiya. Wani babban masani, Leyonardo Buruni, ya tsara masa jerin labaran Tsohon Alkawari a alluna 28 kamar na da. Hanya mai sauƙi ita ce ya maimaita abin da ya riga ya ƙware a kai, ba kuwa wanda zai zarge shi.

Amma duniyar sana'arsa ta sake. Burunelleski ya gano ƙa'idar lissafi ta nuna nesa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen allo, yadda layuka ke tafiya su haɗu a wuri ɗaya, abin da ke nesa ya ƙanƙance daidai gwargwado. Donatello, tsohon yaron shagonsa, ya fara sassaƙa hotuna marasa kauri waɗanda duk da haka ido ke ganin zurfi a cikinsu. Masana suna tono ilimin Girkawa da Romawa na da, abin da ya sa ake kiran lokacin zamanin Farfaɗowa. Lorenzo ya karɓi ilimi daga abokin gabarsa da kuma almajirinsa. Aka watsar da tsarin 28, aka koma manyan alluna 10 masu kusurwa huɗu, kowanne kusan santimita 80 a tsaye da a kwance, aka shafe su da zinariya gaba ɗaya.

Ga jerinsu daga sama zuwa ƙasa: Adamu da Hawwa'u, Kayinu da Habila, Nuhu, Ibrahim, Ishaku da 'ya'yansa Isuwa da Yakubu, Yusufu, Musa, Joshuwa, Dawuda, sai Sulemanu da Sarauniyar Sheba. Kowane allo yana ɗauke da labari fiye da ɗaya. Mutanen da ke gaba sun fito sosai, kusan a kama su da hannu. Na tsakiya sun ɗan lafa. Na can baya kuwa kamar zane ne kawai a kan ƙarfe. Kaurin duka bai wuce 'yan santimita ba, amma mai kallo yana ganin fili da tuddai da gari a nesa.

Allon Yakubu da Isuwa shi ne aka fi yabo. Akwai wani babban zaure mai bakuna uku, da daɓe mai layi-layi da ke jan ido zuwa ciki. A saman soro Rifkatu tana tambayar Ubangiji game da 'ya'yan da ke kokawa a cikinta. A can ciki tana kwance a gadon haihuwa. A tsakiya Isuwa yana sayar da matsayinsa na ɗan fari. A gaba tsoho Ishaku yana aiken Isuwa farauta, karnuka a ƙafafunsu. A dama Yakubu ya durƙusa yana karɓar albarka, uwarsa tana tsaye. Labarin da ya bazu a surori uku na Farawa ya taru a wuri ɗaya ba tare da cunkoso ba. A allon Yusufu akwai babban rumbun hatsi mai zagaye, mutane suna ɗaukar buhuna, a gefe an buɗe buhun Biliyaminu an sami ƙoƙon azurfa, 'yan'uwansa sun ruɗe. A allon Ibrahim ya koma ga labarin da ya ci gasa da shi yana saurayi, amma yanzu hadayar tana can bisa dutse, a gaba kuma Ibrahim yana karɓar baƙi uku a ƙofar alfarwarsa.

An gama zubin allunan wajen 1437. Gogewa da gyara da shafa zinariya suka ci wasu shekara 15. A kewayen ƙofar akwai ƙananan siffofin annabawa da kawuna 24, a cikinsu har da na Lorenzo, tsoho mai sanƙo yana ɗan murmushi, kusa da na ɗansa Bittoriyo.

Ƙarar da aka kai shi

Yana tsakiyar wannan aiki sai tsohon rauni ya fashe. A Fulorens akwai akwatunan da mutum zai jefa takardar ƙara ba tare da sa sunansa ba. A 1444, bayan an zaɓi Lorenzo a wani muƙamin gwamnatin birni, wani ya jefa takarda cewa shi ɗan Bartolo ne da aka haifa ba cikin aure ba, don haka doka ta hana shi riƙe muƙami. Dattijo mai shekara 66 ya tsaya gaban hukuma yana kare asalinsa da mutuncin mahaifiyarsa. Hukuma ta karɓi hujjarsa cewa shi ɗan Ciyone ne na halal, amma ta ci shi tara a kan maganar haraji. Daga nan ya riƙa amfani da sunan Giberti, shi ne kuma sunan da ya rubuta a jikin ƙofarsa ta biyu.

Ƙarshen rayuwarsa

An gama ƙofar a 1452, bayan shekara 27. Tsayinta ya fi mita 5, nauyinta wajen tan 8. Da shugabannin Kalimala suka gan ta, sai suka ɗauke ƙofarsa ta farko daga gabas suka mai da ita arewa, suka ba sabuwar wuri mafi daraja, tana fuskantar babbar majami'a. Ana kiranta Ƙofofin Firdausi. Marubuci Basari ya ce Mikelanjelo ne ya ga ta cancanci tsayawa a mashigin Firdausi. Wasu masana kuma sun lura cewa filin da ke tsakanin ɗakin baftisma da majami'a dama da wannan suna ake kiransa.

A shekarunsa na ƙarshe Lorenzo ya rubuta littafi mai kashi uku a kan sana'ar zane da sassaƙa. A ciki ya ba da labarin rayuwarsa, wanda shi ne mafi tsufa da ya rage na wani mai sana'ar hannu a Turai da ya rubuta tarihin kansa. Tawali'u bai yi yawa a littafin ba, domin ya nuna cewa kaɗan ne daga muhimman ayyukan birnin aka yi ba da hannunsa ko shawararsa ba. Ya rasu ran 1 ga Disamba, 1455, yana da shekara 77, aka binne shi a majami'ar Santa Kuroce. Bittoriyo ya gaji maƙerar.

Ƙofofin bayan mutuwarsa

Ƙura da hayaƙi sun rufe zinariyar har mutane suka manta da ita. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka cire ƙofofin aka ɓoye saboda bama-bamai, da aka wanke su bayan yaƙi sai zinariyar ta sake bayyana. Ran 4 ga Nuwamba, 1966, Kogin Arno ya yi ambaliya, ruwa ya bugi ƙofar har wasu alluna suka ɓalle suka faɗa cikin laka. A 1990 aka ɗauke ta aka sa kwafi a gurbinta. Gyaran ya ƙare a 2012, kuma yanzu tana cikin gidan tarihin babbar majami'a, a cikin akwatin gilashi da ke hana danshi shiga. Ƙofar arewa ita ma an gyara ta an kai ta can.

Abin da za mu ɗauka

A zamanin Giberti ba a fara buga littattafai a Italiya ba, Littafi Mai Tsarki kuma da Latin ake karanta shi a majami'a. Talakan da ya kawo jaririnsa baftisma bai iya karatu ba, amma a bakin ƙofa yana ganin labarin tun daga halitta har zuwa Fentikos. Aikin ƙofofin ke nan: koyarwa da tunatarwa. Littafin Fitowa sura 31 ya ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya ba shi gwanintar aikin zinariya da azurfa da tagulla domin alfarwar sujada. Aikin hannu baiwa ce, ɗalibin da ke ajin sassaƙa ko ƙira kada ya ɗauki kansa ƙasa da na ajin kimiyya.

Ɗalibai, musamman ku da kuke barin makaranta bana, ku lura da abu biyu a rayuwar mutumin nan. Ya tsaya a kan aiki ɗaya shekara 21 ana ƙorafin jinkirinsa, bai saki allo ba sai ya gamsu da shi. Sa'an nan, yana kusa da shekara 50, bayan kowa ya yarda shi gwani ne, ya sauke girman kai ya koyi sabuwar hanya daga mutumin da ya kayar a gasa da kuma yaron da ya taɓa yi masa aike a shago. Da ya tsaya a kan abin da ya sani a 1424, da ƙofarsa ta biyu ta zama kwafin ta farko. Allah ya ba mu haƙurin gama aikin da aka danƙa mana, da zuciyar da ba ta ƙin koyo.